Tsohon karena ya wayi gari yana tangaɗi, kansa a karkace: hauka ce ko shanyewar jiki?

"Assalamu alaikum Likita. Ina da kare mai suna Duna, shekararsa 13 yana mana gadin gida a Gusau. Shekaranjiya da daddare lafiya lau ya ci tuwonsa, amma jiya da asuba muka tarar ya kasa tsayuwa. Kansa ya karkace wajen hagu, in ya yunƙura zai tashi sai ya faɗi ta hagun, idanunsa na ta rawa, ya yi amai, yawu na zuba. Yana gane ni, in na kira shi yana kaɗa wutsiya, amma ya ƙi cin komai. Maƙwabta sun ce haukar kare ce, a kashe shi kafin ya ciji yara. Wani kuma ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ba zai tashi ba. An yi masa allurar rigakafin hauka bara. Me zan yi? Ba na son in cuce shi, ba na kuma son in jefa iyalina cikin haɗari."

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da jinya, Malam. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma tsare iyali.

In na fahimce ka, abu biyu ne ke cin ranka: ko wannan ciwo zai iya zama haɗari ga mutanen gida, da kuma ko karen zai sake miƙewa ko kuwa wahala kawai ake ja masa. Bari in faɗa maka tun daga farko. Tsohon kare da ya kwanta lafiya, ya tashi da kai a karkace, ido na rawa, yana faɗuwa ta gefe guda, amma hankalinsa na jikinsa, ya fi kama da abin da mu likitocin dabbobi ke kira ciwon bestibula na tsofaffin karnuka, wato jiri mai tsanani da ke tasowa daga can cikin kunne. Ganinsa na tayar da hankali matuƙa, amma yawancin karnukan da ya kama suna warkewa. Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan aiki shi ne yadda ake halaka irinsu a kwana biyun farko, daidai lokacin da ciwon ya fi muni a ido, kwana ɗaya ko biyu kafin sauƙi ya fara zuwa. Sai dai ban ɗora hannu a kan Duna ba, ban leƙa kunnensa ba. Wannan amsa ba za ta maye gurbin likitan da zai duba shi ba, kuma ina so a nemo likitan yau, kada a kai gobe.

Abin da ke faruwa a cikin kunne

Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe da ke kula da daidaiton jiki. Bututu ne guda uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani. Duk lokacin da kai ya motsa, ruwan da tsakuwoyin kan gusa su taɓa wasu siraran gashi, saƙo ya bi jijiya ya isa gindin ƙwaƙwalwa. Da wannan saƙon dabba ke sanin ina ne sama, ina ne ƙasa, tana tsaye ne ko tana juyawa. Kunnen dama na aika nasa, na hagu na aika nasa, ƙwaƙwalwa na auna su biyun. Idan ɓangare guda ya yi tsit ba zato, ɗayan kuma yana ta aikawa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana juya kan ne, alhali yana wuri ɗaya. Ka ga yaron da ya yi hajijiya ya tsaya, ƙasa na juya masa, ya yi layi ya zube? Halin da Duna ke ciki ke nan, illa dai shi nasa bai lafa ba tun jiya da asuba.

Daga nan duk alamomin suka fito. Kai na karkata wajen kunnen da ya samu matsala, kuma galibi ta can kare ke faɗuwa ko zagayawa. Ƙwayar ido na zamewa a hankali zuwa gefe guda sannan ta fizgo da sauri, tana ƙoƙarin bin duniyar da yake jin tana juyawa. Amai da dalalar yawu daga tashin zuciyar da jirin ke kawowa ne, shi ya sa ya ƙi tuwon da ya saba ci. Irin wannan na tsufa ba ya zuwa da raɗaɗi. Ruɗewa ce da tsoro da tashin zuciya, kuma duk ukun akwai abin da za a iya yi a kansu.

Har yau binciken likitanci bai gano takamaiman abin da ke jawo nau'in da ke kama tsofaffin karnuka ba, kuma babu gwajin jini ko hoto da ke tabbatar da shi. Ana gane shi ne ta hanyar kawar da sauran cututtukan da ke kama da shi, sannan a ga yadda yake sauka da kansa cikin kwanaki.

Maganar hauka

Ban ga laifin maƙwabtanka ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ciwon haukar kare na kashe mutum kimanin 59,000 a duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai wani ikon Allah. Duk karen da ke dalalar da yawu yana tangaɗi a ƙasar nan, dole a fara da wannan zargi.

Amma cututtukan biyu tafiyarsu ta bambanta. Karen da hauka ta kama yakan sauya hali: mai faɗa ya yi laushi, mai sanyi ya koma kai cizo, yana tauna itace ko dutse, haushinsa ya dushe. Akwai kuma nau'in da ba ya zuwa da faɗa, wanda ya fi yaudarar mutane: muƙamuƙin ƙasa ya saki, baki a buɗe, ya kasa haɗiya, ƙafafun baya su fara mutuwa. A nan ne mai kare kan zaci ƙashi ne ya maƙale, ya cusa hannu a baki don ya ciro. Kada ka taɓa yin haka. Kowane nau'i ne, kullum gaba ciwon ke yi, kuma karen kan mutu cikin kwana goma da bayyanar alamu, sau da yawa ma bai kai ba. Shi kuwa jirin kunne da ƙarfinsa yake farawa, sannan ya riƙa ja da baya.

Abubuwan da ka faɗa sun kwantar mini da hankali: yana gane ka, yana kaɗa wutsiya, an yi masa rigakafi. Duk da haka ka duba katin, ka tabbatar likita ne ya yi allurar kuma shekara ba ta zagayo ba, domin a nan duk shekara muke sabunta ta. Ka kuma tuna ko a 'yan watannin nan ya yi faɗa da baƙon kare, ko ya dawo daga yawo da rauni. Ka gaya wa likita gaskiyar duk abin da ka tuna.

Abin da za ka ce wa maƙwabta shi ne, ka killace shi inda ba zai fita ba, yaro kuma ba zai shiga ba, har kwana goma, likita na bibiya. Wannan ya kare 'ya'yansu, ya kuma ba Duna damarsa. Babba ɗaya ne zai riƙa jinyarsa, da safar hannu, a rufe duk wani yanka ko ƙuje da ke hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Idan ya ciji wani, ko yawunsa ya taɓa rauni ko ido, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 (ido kuwa da ruwa zalla), a tafi asibiti a ranar, a faɗi abin da ya faru. Ba a jira a ga yadda karen zai ƙare kafin a je. Idan kuma ya mutu a cikin kwanakin nan, kada a fasa kan, kada a yar da gawar a bola, kada a sayar wa masu sayen karnuka. Ƙwaƙwalwar ce ake aunawa don tabbatar da hauka, kuma likita ya san yadda zai aika ta wurin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos.

Ka lura da wani abu. Karen da jiri ke ɗiba, in aka sure shi sama ba zato, yana iya kai cizo saboda firgita, ko da kuwa mai gidansa ne. Wannan kaɗai ba hujjar hauka ba ce. Ka riƙa yi masa magana kafin ka taɓa shi, ka zo masa ta inda yake ganinka. Kada kuma a ɗaure bakin karen da ke amai, aman na iya komawa huhu.

Kunne ne ko ƙwaƙwalwa?

Wanda ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ba daga sama ya tsinto maganar ba. Karnuka ma jijiyar jini kan toshe ko ta fashe musu a ƙwaƙwalwa, sai dai abin bai kai yawan yadda ake zato ba, kuma ko shi ɗin wasu na farfaɗowa. Tambayar da likita zai fara yi wa kansa ita ce, matsalar a kunne take ko a cikin ƙwaƙwalwa. Ta kunne ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai abin da kai ma za ka iya lura da shi. Ka dubi idanun. In suna rawa ne daga gefe zuwa gefe, ko suna ɗan murɗawa, kuma kullum fizgar waje ɗaya take yi, wannan ya dace da kunne. In sama da ƙasa suke yi, ko fizgar na sauya waje idan an sauya masa kwanciya, ƙwaƙwalwa ake zargi. Ka dubi hankalinsa: karen da kunne ke damu yana bin ka da kallo, yana jin motsin ƙofa, wanda kuwa abin ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan yi sanyi, barci ya yi masa nauyi, ko ya yi farfaɗiya. Sai gwajin ƙafa, wanda muke yi wa kowane kare mai irin wannan ciwo. A tallafe shi a tsaye, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ko ciki don kada ya faɗi, a kama tafin ƙafa ɗaya a naɗe shi, bayan yatsun ya taka ƙasa, a saki. Karen da jijiyoyinsa ke lafiya nan take zai gyara ƙafar, ko da jiri na ɗibarsa. In ya bar ta a naɗe kamar bai san an taɓa ta ba, musamman ƙafar gaba da ta baya na gefe guda, wannan alama ce mai nauyi. Ka bar wannan gwajin sai likita ya zo ya kore zargin hauka, ku yi tare.

Ko a kunnen ma, ba duka ne na tsufa ba. Wanda na fi tararwa a karnukanmu shi ne tsohon ciwon kunne da aka yi sakaci da shi har ya ratsa ciki. Ka ɗaga kunnen hagun ka shinshina. Wari, baƙin datti mai danƙo, mugunya, ko ka tuna ya daɗe yana kaɗa kai yana susar kunne, duk suna nuni can. Wani lokaci jijiyar fuska kan shiga ciki, tunda ta nan take ratsawa: leɓe ya saki, idon wannan gefen ya daina ƙiftawa. Irin wannan ba ya warkewa da kansa, yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni, sau da yawa shida zuwa takwas. Don Allah kada a ɗiga komai a kunnen kafin likita ya leƙa. In dodon kunne ya huje, maganin ɗigo mai jentamaisin da danginsa na iya lalata sashen daidaiton da ma jin gaba ɗaya. Balle man ja ko kananzir da wasu ke zubawa.

Sai tambayar da nake yi wa duk wanda ya kawo mini kare mai tangaɗi: me aka ba shi, me aka shafa masa a makonnin nan? An taɓa kawo mini wata tsohuwar karya a bayan a-kori-kura, ta kasa ko zama, idanunta na rawa sama da ƙasa, mai ita ya riga ya fidda rai. Da na matsa da tambaya, sai ya ciro ragowar katin magani daga aljihu. Zawo ta yi, ya sayo metronidazol a kyamis, wanda aka fi sani da Flagyl, ya yi ta ba ta adadin da babban mutum ke sha, safe da rana da dare, har bayan zawon ya tsaya. Wannan magani in ya yi wa kare yawa, sashen daidaito na ƙwaƙwalwa yake bugawa. Aka dakatar da shi, aka yi mata ƙarin ruwa da abin da ya dace, ta miƙe da ƙafafunta. Haka nan piya-piya da maganin kaskar shanu da ake yi wa kare wanka da su: suna kawo dalalar yawu da karkarwa da tangaɗi, kuma wannan guba ce da ke bukatar likita cikin gaggawa. Kaskar kanta na ɗauke da cutar jini da kan kai ga ƙwaƙwalwa. Akwai kuma jifa ko duka a ka, abin da karen gadi ba ya rasa gamuwa da shi, da raunin ƙululun wuya da ake kira tayirod, da ƙari a kunne ko a ƙwaƙwalwa, wanda a shekara 13 ba za a ce ba zai yiwu ba.

In da hali, likita ya zo gida, domin jijjigar mota na ƙara jirin. In dole sai an kai shi, a naɗe shi a bargo, wani ya zauna ya tallafe kan, a fita da sanyin safiya. Ka fara da asibitin dabbobi na gwamnati ko likita mai zaman kansa a nan Gusau. In lamarin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kafin nan ka ɗauki bidiyon idanun da na yunƙurin tashinsa a waya, domin rawar idon kan ragu kafin likita ya gani. Zai leƙa kunnuwa, ya gwada jijiyoyi, ya auna zafin jiki, wataƙila ya ɗebi jini. Hoton ƙwaƙwalwa na zamani ba kasafai ake samunsa don kare a nan ba, kuma mafi yawan lokaci hannu da ido da bibiyar kwanaki sun isa a yanke shawara.

In ya tabbata na tsufa ne, babu allurar da ke warkar da shi. Abin da ake bayarwa na tsayar da amai da tashin zuciya ne, irin su maropitan ko ondansetiron ko mekilizin, da ƙarin ruwa in jiki ya bushe. A ganina maganin tashin zuciyar nan shi ne mafi amfani a cikin duk abin da za ka kashe wa kuɗi, domin da zarar cikin ya kwanta kare zai sha ruwa, in ya sha ruwa kuwa an ci rabin yaƙin. Allurar dekzametazon da wasu ke saurin yi ba a nuna tana gaggauta warkewar wannan nau'in ba, ga ta da illa ga tsohon jiki. Maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen da diklofenak, kada ya kusance shi. Suna huda cikin kare, suna lalata ƙoda.

Jinya a gida

Nan ne aikin yake, kuma a hannunka yake. Ka fara da cire masa sarƙa. Karen da ke birgima yana iya naɗe ta a wuya. Ka samo ƙaramin wuri mai inuwa da iska, lungun baranda ko wani ɗan ɗaki, nesa da matakala, kwata, bakin rijiya, murhu da duk abin da zai iya faɗawa. Tayil da sumul ɗin siminti abokan gabarsa ne yanzu. A shimfiɗa tabarma ko buhunan algarara, a ɗora tsohuwar katifa ko bargo, a sa leda a ƙarƙashin zanen sama saboda fitsari. Sai a naɗe tsummoki ko tsohon bargo a yi masa matashi a gefen hagu, tun daga kafaɗa har ƙugu. In ya ji jikinsa ya jingina da abu mai ƙarfi, birgimar kan ragu, za ka ga numfashinsa ya daidaita. Zai zaɓi gefen da yake son kwanciya. Kada a yi kokawa da shi a kan haka, amma in ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa gyara masa kwanciya duk bayan awa huɗu zuwa shida, ko da ɗora shi a kan ƙirji ne a tokare shi ta gefe biyu, don kada ƙugu da gwiwar hannu su yi gyambo.

A bar masa fitila da daddare. Mutane kan yi mamakin wannan, amma tunda kunne ya daina gaya masa inda ƙasa take, da ido da tafin ƙafa yake lalube. In aka ɗauke wuta wurin ya yi duhu, jirin kan ninka, shi ya sa wasu ke kwana suna kuka. 'Yar fitilar caji ta wadatar. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a son yawan ɗaukarsa sama. In za a fitar da shi fitsari, a zura majanyi ko tawul ta ƙarƙashin cikinsa, a riƙe bakin biyu ta sama, wani hannun a ƙirji, ƙafafunsa na taɓa ƙasa, a tafi a hankali. Wasu karnukan gadi sun horu ba sa ɓata makwancinsu, sai su riƙe fitsari har ya cutar da su. In ya kwana ya wuni bai yi ba, a kira likita.

Ruwa ya fi abinci muhimmanci a kwanakin farko. Kare na bukatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 20 ke nan zai sha abin da ya kai leda biyu na fiya wata ko ɗan fiye, in ana zafi kuma ya ƙaru. Ba zai iya sunkuyawa ga kwano ba, domin da ya duƙar da kai zai kife. Ka ɗora shi a kan ƙirjinsa, ka tallafe haɓar, ka kawo ruwan a faranti mara zurfi daidai bakinsa, ya lasa da kansa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Kada a ɗura masa yana kwance a gefe, ko a ɗaga kansa sama a zuba. Ruwan da ya bi ta huhu ya fi jirin haɗari. Ka riƙa duba dasashinsa, da safar hannu, ta gefen leɓe: in da laima yana santsi, lafiya, in ya bushe yana kama yatsa, ko amai ya hana ruwa zama, lokacin ƙarin ruwa ya yi. Wasu masu jinya kan tambaye ni maganar tsarki saboda yawan taɓa shi. Wannan fagen malamai ne, sai dai sanannen abu ne cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Abinci kuwa, kada ka damu in ya yi kwana ɗaya ko biyu bai ci ba, muddin yana shan ruwa. Bayan maganin amai ya kama, ka gwada abu mai laushi mai ƙanshi: dafaffiyar kaza ko kifi da aka cire wa ƙashi, dafaffen ƙwai, shinkafa ko tuwo mai taushi da aka jiƙa da romo, da ɗan ɗuminsa. A dafa romon daban, babu albasa, babu tafarnuwa, babu yaji, domin albasa da tafarnuwa na fasa jinin kare. A cura 'yan ƙananan loma a ɗora a tafin hannu ko murfin kwano, a kawo gefen bakin. Loma uku da ta zauna ta fi kwano guda da ya dawo.

Sauran aikin tsafta ne, kuma a yanayinmu ba ƙaramin abu ba ne. Karen da ke kwance cikin laimar fitsari fatarsa kan ƙone, ƙudaje su yi ƙwai a wurin, kafin ka ankara tsutsa ta shiga. A goge shi da ruwan ɗumi, a busar, a sauya shimfiɗa, a duba ƙarƙashin wutsiya da matsematsi da bakin kunne kowace rana. A share ragowar abinci saboda cinnaku da tururuwa. In rana ta juyo kan makwancinsa ba zai iya matsawa ba, sai an lura an matsar da shi. In ido ɗaya ba ya ƙiftawa, likita zai ba da abin ɗigawa don kada ya bushe.

Da zarar amai ya tsaya, a fara miƙar da shi. Ƙwaƙwalwa na koyon aiki da saƙon da ya rage mata, kuma da motsi take koyo. A tsayar da shi da majanyin na minti ɗaya ko biyu, gobe a yi taku biyar a kan ƙasa ko yashi, jibi a ƙara. Karen da aka bari kwance don tausayi ya fi daɗewa bai miƙe ba, ga tsufa na cinye naman ƙafa da sauri. Saboda haka ma ba a son a daɗe ana ba da magungunan da ke sa barci.

Kwanakin da ke tafe

In na tsufan ne, awa 24 zuwa 48 na farko su ne mafi tsanani, kuma kana cikinsu yanzu. Zuwa awa 72 ya kamata a ga alamar sauƙi: rawar ido ta ragu ko ta tsaya, amai ya ɗauke, ya fara ɗaga kai yana neman ruwa. Cikin kwana bakwai zuwa goma yawanci suna takawa da kansu, ko da da layi. Zuwa mako biyu ko uku akasarinsu sun koma harkarsu. Wasu kan rage da ɗan karkacewar kai har ƙarshen rayuwarsu, ko su ɗan yi tangaɗi in sun girgiza jiki. Wannan ba ya musu ciwo, ba ya hana su ci ko yawo.

In kwana uku sun cika babu ko ɗan canji, ko abin na gaba, ko sabuwar alama ta ɓullo, kamar farfaɗiya, nauyin barci, zazzaɓi, tari da numfashi sama-sama, kasa haɗiya, sakin muƙamuƙi ko sauyin hali, to a sake lale. Likita ya dawo a ranar, kuma in kasa haɗiya ce ko sakin muƙamuƙi ko sauyin hali, a daina taɓa shi sam har ya iso. Ba zan ɓoye maka ba, akwai karnukan da bincike ke nuna ƙari ne ko wata cutar ƙwaƙwalwa da ba ta da magani, suna ta ramewa, ba ci ba sha. Irin wannan, in ta kai ga a hutar da shi, likita ne zai yi da allura, ba tare da azaba ba. Sanda da guba da jefarwa a daji zalunci ne. Amma wannan shawara ce ta bayan an duba an kuma jira, kuma babu abin da ka faɗa game da Duna da ya kai mu can.

In Allah ya tashi kafaɗarsa, ka sauke masa gadin dare, ko a samo ƙaramin kare ya kama aikin. Kada ya koma hawa matakala ko kwana kusa da rami, a rufe bakin rijiya da na shadda, a riƙa duba kunnuwansa duk mako, a cire kaska da maganin da likita ya rubuta don kare. Ciwon kan dawo wa wasu bayan watanni, a gefe ɗaya ko ɗayan. In hakan ta faru, a sake kiran likita ya duba kunne da ƙafafu kamar karon farko, kada a ɗauka lallai irin na da ne.